Waƙar Sega da Baitin Nintendo: Yadda Magoya Baya Suka Karɓi Zambon Kamfanonin Gem

Tsakanin 1989 da 1995, Sega da Nintendo, kamfanonin Japan biyu masu ƙera na'urar wasan bidiyo, sun yi kokawar kasuwa a Amurka wadda har yau masu buga gem ba su gama musu a kanta ba. Rigimar ta bar baitocin barkwanci guda biyu. Ɗaya waƙar talla ce da Sega ta saki a talabijin a 1990, wadda ake rufewa da "Genesis does what Nintendon't", wato Genesis, na'urar Sega, tana yin abin da Nintendo ba ta yi. Ɗayan kuma ɗan baiti ne mai layi huɗu da Howard Lincoln, babban jami'in Nintendo a Amurka, ya aika wa shugaban Sega na ƙasar, Tom Kalinske, ta hannun 'yan jarida. Waƙar Sega nan da nan ta shiga bakin yara. Baitin Lincoln kuwa ya yi shekaru a kwance kafin magoya baya su tono shi. Abubuwa biyu suka raba makomarsu: wa aka ba maganar ya maimaita, sannan ko akwai abin da ido zai gani a ƙarƙashin zambon.

Kasuwar da Sega ta tarar

Nintendo ta shiga Amurka da na'urar NES a 1985, bayan kasuwar gem ta durƙushe a 1983. Kafin 1990 ta riƙe kusan kashi 90 cikin 100 na cinikin. Ba da farin jinin Mario, jarumin wasanninta, kaɗai ta riƙe shi ba, har da yarjejeniya mai tsauri. Duk kamfanin da ke son fitar da wasa a kan NES ba zai wuce wasanni 5 a shekara ba, Nintendo ce za ta buga masa kaset ɗin, kuma wasan ba zai hau wata na'ura ba sai bayan shekara 2. A cikin na'urar akwai ɗan guntun makulli mai suna 10NES da ke ƙin karanta kaset ɗin da ba shi da izini. Shi ya sa manyan kamfanoni irin su Capcom da Konami ba su taɓa sabuwar na'urar Sega da farko ba. Wasannin Capcom na farko da suka hau ta, kamar Ghouls 'n Ghosts da Strider, Sega ce ta sayi izininsu ta sake rubuta su da hannunta.

Na'urar ta fito a Japan a watan Oktoba 1988 da sunan Mega Drive, ta isa Amurka a watan Agusta 1989 da sunan Genesis, a kan kusan dala 190, da kaset ɗin Altered Beast a cikin kwali. Hayao Nakayama, shugaban Sega a Japan, ya ba Michael Katz, wanda ya naɗa kan reshen Amurka, umarnin sayar da miliyan ɗaya a shekarar farko. Katz ya duba ya ga ba shi da Mario, ba shi da Zelda. Sai ya sayi sunayen da kowane Ba'amurke ya sani ya liƙa wa wasanninsa: Joe Montana a ƙwallon Amurka, Pat Riley a kwando, Arnold Palmer a golf, Buster Douglas a dambe, da Michael Jackson. Sannan ya yi abin da kamfanonin Japan ba su saba yi a gida ba, ya kira sunan abokin hamayya a talla ya yi masa dariya.

Yadda aka gina waƙar

Tallar gajeriya ce, kuma ginin kira da amshi ne. Muryoyi suna rera "Genesis does", mai shela ya jefa abu ɗaya, zanen bit 16 (bit ma'aunin ƙarfin na'ura ne) irin na gidajen wasa, a sake rera amshin, ya jefa wani, wasannin motsa jiki, a sake rerawa. A tsakiya a saka layin da ke cewa ba za ka iya wannan a Nintendo ba. Duk wannan lokacin hotunan wasannin suna gilmawa da sauri. Sai a ƙarshe a rufe da layin da ya zama tarihi, inda aka ɗauki ƙarshen sunan Nintendo, wanda a kunnen mai jin Turanci yake kama da kalmar "yi", aka mayar da shi "ba ya yi". Sunan abokin gaba da kansa ya zama zagin.

Wanda ya san waƙar fada zai gane tsarin. Makaɗi yana wasa ubangidansa, ya juya ya yi wa mai neman kujerar zambo, 'yan amshi kuma su ne ke dasa maganar a kunnen jama'a ta hanyar maimaitawa. A nan yaran Amurka ne suka zama 'yan amshi, kuma ba a biya su ko sisi ba.

Layin rufewar kalma huɗu ne kacal, yaro ɗan shekara 8 zai riƙe shi daga ji ɗaya. Bai ambaci wani wasa ba, saboda haka ana iya jefa shi a kowane musu. Mafi muhimmanci, a 1990 maganar gaskiya ce, kuma ba sai an yi wa kowa bayani ba. Ƙwaƙwalwar NES, wato guntun da ke yi mata lissafi, mai bit 8 ce, tana gudu a megahaz 1.79. Ta Genesis, Motorola 68000, tana gudu a kusan 7.6. NES na nuna launi kusan 25 a lokaci guda, Genesis na nuna kusan 61 daga cikin 512. A NES, in abubuwa masu motsi suka wuce 8 a jere ɗaya na allo sai su fara ƙyaftawa suna ɓacewa, a Genesis sai sun wuce 20. Genesis na da shimfiɗar baya guda biyu masu tafiya daban-daban, wanda ke sa dutsen nesa ya tafi a hankali bishiyar kusa ta wuce da sauri. Yaron da ya tsaya gaban talabijin biyu a kanti bai san ko ɗaya daga waɗannan lambobi ba, amma idonsa ya gaya masa waƙar ba ƙarya take yi ba.

Duk da haka Katz bai cika alkawari ba. Kusan rabin miliyan aka sayar, kuma a 1990 aka kawo Kalinske, tsohon shugaban kamfanin kayan wasan yara na Mattel, ya gaje shi. Waƙa ta sa an san sunan na'urar, amma iyaye ba su fito da kuɗi sosai ba sai a 1991, da Kalinske ya rage farashi zuwa dala 149 ya kuma cire Altered Beast ya saka Sonic the Hedgehog a kwali.

Abin da magoya baya suka yi da ita

Kafin a yi wa yaran nan dariya kan zafin da suka ɗauka, a duba lissafin gidajensu. Na'ura dala 150 zuwa 200 ce, kaset ɗaya dala 50 zuwa 70. Yawancin gidaje na'ura ɗaya ake saya, sau da yawa a lokacin Kirsimeti, kuma ita za a yi shekaru da ita. Kaset ɗin wannan ba ya shiga waccan. In abokanka duk Nintendo gare su kai kuma Sega, ba mai ba ka aro, ba wanda za ka ba. Saboda haka in aka ce na'urarka ba ta iyawa, an taɓa zaɓin da ba ka da halin canzawa, wani lokaci ma zaɓin mahaifinka ne kake karewa.

Martanin farko shi ne maimaitawa tsura. A filin makaranta da cikin motar makaranta, mai Genesis ba ya bukatar hujja, layin ya ishe shi. Na biyu shi ne juya baitin. Masu Nintendo suka ɗauki dabarar suka gwada ta a kan sunan Genesis, aka sami "Nintendo is what Genesisn't", wato Nintendo ita ce abin da Genesis ba ta kai ba. Ya yi yawo, amma bai taɓa kama ƙafar na asali ba. Yana da nauyi a harshe, sautin "s" ya cunkushe a ƙarshensa, sannan duk wanda ya faɗe shi ya tuna wa mai sauraro na Sega, wato yana yi wa abokin gaba talla kyauta.

Na uku ya fi ɗaukar lokaci, shi ne wasiƙa. Mujallu irin su Electronic Gaming Monthly da GamePro, waɗanda duka suka fara fita a 1989, suna da filin wasiƙun masu karatu, kuma nan ne musun ya samu rubutacciyar siffa. Mujallar wata-wata ce, ana kuma haɗa ta tun kafin ranar fitowa, don haka mai rubuta raddi yakan jira wata biyu ko uku kafin ya ga wasiƙarsa, in ma an buga. Wannan jinkiri ya yi tasiri a kan salon. Mutum yana da dama ɗaya, sai ya zauna ya tsara, ya jero lambobi, ya nemi layi mai cizo da zai sa edita ya zaɓe shi. Wasu ba su rubuta komai ba, zane suka yi a bayan ambulan, Sonic na tattaka Mario ko Mario na murƙushe Sonic, mujallun kuma suna buga waɗanda suka fi kyau. Kowane kamfani yana da mujallarsa, Nintendo Power tun 1988 da Sega Visions tun 1990, amma waɗannan kowa gidansu yake wasawa. Ainihin fagen shi ne mujallun da ba na kowa ba, inda editocin su ma suke shan zargin son kai daga ɓangarorin biyu.

Akwai kuma martanin da ba a furtawa. Sega ta nufi matasa ne, ta sa Nintendo ta zama kayan ƙannai. Abin ya kama har binciken ra'ayi da Sony ta yi daga baya ya nuna cewa samari masu Super Nintendo ba sa son amsa cewa ita ce a gidansu. Wannan ya fi kowace wasiƙa nuna nisan da zambon ya yi, domin mai kayan da kansa ya fara jin kunyar kayansa.

Inda waƙar ta fara tsagewa

Matsalar farko ƙarama ce amma ta ba da dariya. Buster Douglas ya doke Mike Tyson a Tokiyo a watan Fabrairu 1990, Sega ta yi maza ta sa sunansa a wasan dambenta, musamman da yake Nintendo ta yi suna da wasan dambe mai ɗauke da sunan Tyson. A watan Oktoba na shekarar Evander Holyfield ya kwantar da Douglas a zagaye na 3. Zakaran da ake wasawa a talla ya tashi daga zakara tun kaset ɗinsa na sabo a kanti.

Ta biyu ita ce suna. Genesis sunan Arewacin Amurka ne kawai. A Japan, Turai, Burazil da sauran wurare, har da na'urorin da suka iso kasuwanninmu, Mega Drive ake kiranta, don haka waƙar ba ta ƙetare teku ba. A Ingila wani wasan kalmomi daban aka yi, wanda ya dogara da cewa in aka karanta Sega daga baya za a sami kalmar "ages", wato dogon lokaci.

Ta uku ita ce babba. A watan Agusta 1991 Super Nintendo ta iso Amurka a kan dala 199 da Super Mario World a kwali. Ita ma bit 16 ce. Tana nuna launi 256 daga cikin 32,768. Sashen sautinta, wanda Sony ta ƙera, yana da layi 8 masu kunna sautin da aka naɗa daga kayan kiɗa na gaske. Tana da dabarar Mode 7 mai juya shimfiɗa da zuƙo ta, wadda F-Zero da Super Mario Kart suka dogara da ita. Daga ranar, rabin abin da waƙar ke faɗa ya daina zama gaskiya, kuma masu Nintendo sun samu abin jefawa: launi da sauti.

Abin da ya rage wa Sega shi ne gudu. Ƙwaƙwalwar Super Nintendo ba ta wuce megahaz 3.58, kuma kaset masu araha sukan sa ta sauka zuwa 2.68. Wasanninta na farko irin su Gradius III da Super R-Type suna jan ƙafa a fili in allo ya cika da harsasai. A kan wannan aka gina tallar "Blast Processing", wato sarrafa bayanai da matsanancin gudu: an ɗaure talabijin mai nuna wasannin Genesis a bayan motar tsere ta cilla, an ɗaure mai nuna Super Mario Kart a bayan tsohuwar motar kaya tana tari. Babu wani sashe a cikin Genesis mai wannan suna. Scott Bayless, wanda ya yi aiki a Sega ta Amurka, ya bayyana daga baya cewa daga bakinsa kalmar ta fito, lokacin da yake bayanin wata dabarar tura bayanan launi da sauri yayin da ake zana layin allo, masu talla suka ji kalmar ta yi musu daɗi suka ɗauke. Dabarar kanta ba ita ke sa Sonic gudu ba.

Kwatanta megahaz da megahaz ma yaudara ce. Ƙwaƙwalwar Genesis, 68000, na cin bugun agogonta 4 ko fiye kafin ta gama umarni mafi sauƙi, ta Super Nintendo na gama wasu a bugu 2. Genesis ta fi sauri a ayyuka da yawa, amma ba ninki biyu ba kamar yadda lambobin ke nunawa. Nintendo ta sayi shafuka a mujallu ta yi dogon bayani a kan gudu da ƙarfi, cikin siffar maƙala. Akwai gaskiya a ciki, sai dai ba yaron da zai haddace shafi biyu ya kai filin makaranta. Masu Sega suka ci gaba da faɗin kalma biyunsu. Hukuncin ya zo a makare: yau in masu gem suka ce "blast processing", ba'a suke yi wa duk wata kalmar talla da ba ta da komai a ciki.

A 1992 Sega ta koma wa kamfanin talla na Goodby, Berlin & Silverstein, aka rage waƙa aka koma ihu, kowace talla na ƙarewa da wani ya ƙwala "Sega!" Wannan ma ya fi sauƙin kwaikwayo.

Sai tallar Game Gear, ƙaramar na'urar hannu ta Sega, wadda a ganina nan ne aka wuce gona da iri. Game Boy ta Nintendo allonta ba launi, Game Gear na da launi. Sega ta nuna kare, aka ce in ba ka ganin launi kuma basirarka ba ta kai 12 ba, ba za ka damu da wadda ka riƙe ba. Wannan ya bar na'ura ya koma kan mai saye. Kuma mai sayen yana da amsa a aljihunsa: Game Gear na cin batir 6 cikin awa 3 zuwa 5, Game Boy na ɗaukar batir 4 ta yi awa 15 ko fiye, ga ta dala 90 waccan dala 150. An yi dariyar karen, aka ci gaba da sayen Game Boy. Ita da ƙanwarta mai launi sun haura miliyan 118, Game Gear ta tsaya wajen miliyan 10 da ɗoriya.

Majalisa, da baitin lauya

Ranar 13 ga Satumba 1993 wasan faɗa na Mortal Kombat ya fito a Genesis da Super Nintendo. Nintendo ta sa an mayar da jini gumi mai ruwan toka, an kuma sassauta kisan ƙarshe. A Genesis ma a rufe jinin yake, amma in ka danna A, B, A, C, A, B, B a allon farko sai ya buɗe. Wannan jerin haruffa bakwai ya zama wata waƙar da yara suka haddace, kuma kaset ɗin Genesis ya fi na Super Nintendo ciniki nesa ba kusa ba. Ga wani abu kuma da Genesis ke yi Nintendo ba ta yi, tsohon layin ya sake samun rai.

Ranar 9 ga Disamba 1993 sanatoci Joe Lieberman da Herb Kohl suka kira zaman sauraro a Majalisar Dattawan Amurka kan tashin hankali a wasannin bidiyo. Mortal Kombat da Night Trap, wani wasa mai hotunan 'yan wasa na gaske da ya fito a Sega CD, na'urar faifai da ake jona wa Genesis, su ne a gaba. Maimakon kamfanonin biyu su haɗa kai, sai suka kama juna a gaban sanatoci. Lincoln ya ce Night Trap ba zai taɓa hawa na'urar Nintendo ba. Bill White na Sega, wanda tsohon ma'aikacin Nintendo ne, ya ɗaga bindigar wasa ta Super Scope ya nuna cewa su ma ba tsarkaka ba ne, ya kuma ce Sega ta riga ta fara sa wa wasanninta alamar shekaru. Cikin makonni manyan kantunan kayan wasa suka sauke Night Trap, a farkon 1994 Sega ta janye shi. Daga wannan rikici aka haifi hukumar ESRB mai sa wa wasanni alamar shekaru a 1994.

Ɓangaren Sega ya zargi Nintendo da hura wutar zaman don ta karya abokin hamayya. Amsar Lincoln ita ce baitin. Ya ɗauki wata tsohuwar waƙar yara ta Turanci da ake rubutawa a katin soyayya, wadda ke farawa da furen wardi ja ne, furen bayolet shuɗi ne, ya bar layi biyun farko yadda suke. Layi na uku ya ce, to, ranarka ta ɓaci. Na huɗu kukan ƙarya ne zalla, "boo hoo hoo hoo", irin wanda ake yi wa yaro mai shagwaɓa, kuma shi ne ke amsa amon kalmar "blue" ta layi na biyu. Ya buɗe da gaisuwa ga Tom, ya rufe da fatan alheri da sunansa, kamar wasiƙar ofis.

Ta fuskar sana'a baitin ba laifi. Barkwancinsa na cikin tazarar da ke tsakanin mai magana da maganar. Lincoln lauya ne, yana cikin waɗanda suka tsaya wa Nintendo a shari'ar da Universal ta kai ta kan Donkey Kong a farkon shekarun 1980, kuma a 1994 ya zama shugaban Nintendo ta Amurka. Mutum irin wannan ya sa hannu a kan kukan shagwaɓa, dole a yi dariya.

Amma bai shiga bakin yara ba, kuma dalilan a fili suke. Hanyar da ya bi ta 'yan jarida da 'yan kasuwa ce, ba talabijin ba, ba a maimaita shi sau ɗari tsakanin shirye-shiryen yara ba. Mutum ɗaya aka yi wa shi, Tom, wanda yawancin masu Genesis ba su san da shi ba. Babu na'ura a ciki, babu wasa, babu abin da yaro zai nuna a allo ya ce ga shi. Sannan lokacin bai dace ba. A idon matasa, Nintendo ce ta cire jini ta kuma tsaya gefen sanatoci, don haka dariyar nasararta dariyar mai kai ƙara ce. Ko mai Super Nintendo da ke jin haushin gumin da aka ba shi a madadin jini ba zai rera baitin da alfahari ba. Wasiƙun ƙorafin da Nintendo ta sha kan wannan tacewa daga masu na'urarta suka zo.

Rayuwar baitin ta biyu ta fara ne bayan littattafan tarihin masana'antar sun kawo shi, yaran da kuma sun girma. Karɓar da aka yi masa a wannan karo ta rabu. Wasu dariya kawai suke yi, suna mamakin cewa manyan kamfanoni sun taɓa yin faɗa haka a bainar jama'a, abin da sashen hulɗa da jama'a na yau ba zai bari ba. Tsofaffin masu Sega suna kawo shi a matsayin shaida cewa Nintendo mai fuskar salihai ta fi kowa iya mugunta. Wasu kuma sun fi sha'awar ƙwarangwal ɗinsa, domin layi biyun farko na kowa ne, sai ka cire biyun ƙarshe ka sa naka a kan PlayStation ko Xbox. Abin da ya hana shi tafiya a 1994, wato rashin na'ura a cikinsa, shi ya sa ya dace da kowace rigima daga baya.

Da reshe ya juye

Nintendo ta koyi darasi da sauri. A 1994 ta fito da kamfen ɗin "Play It Loud!" mai nufin matasa, ta bar Mortal Kombat II ya fito da jininsa. A watan Nuwamba Donkey Kong Country ya fito da zanen da ya yi kama da na na'ura mai tsada, a kan tsohuwar Super Nintendo ba tare da ƙarin komai ba, ya kuma sayar da fiye da miliyan 9. Tallarsa ta ari tsarin Sega sak: ba a Sega ba, ba a 32X ba, ba a faifan CD ba. A wasa na biyu na jerin, a 1995, an ajiye jajayen takalman Sonic kusa da kwandon shara a allon jarumai.

Wannan zambo ya ci domin shi ma yana da abin nunawa. Sega ta sayar wa magoya bayanta Sega CD a dala 299 a 1992, ta sake sayar musu 32X, wani ƙarin da ake jona wa Genesis, a kusan dala 160 a ƙarshen 1994. Wanda ya haɗa ukun yana bukatar filogin wuta uku masu kauri, ga wayoyi a bayan talabijin, kuma 32X ba ta samu wasannin da suka wuce 40 ba kafin a watsar da ita. Waɗanda suka fi kowa rera waƙar su suka fi kowa asara. A watan Mayu 1995, a taron baje kolin gem na E3 na farko, Kalinske ya sanar da cewa sabuwar na'urar Sega, Saturn, ta riga ta shiga kanti a dala 399. Steve Race na Sony ya hau mumbari ya faɗi farashin PlayStation, 299, ya sauka. Zauren ya ɗauki tafi.

A ƙididdigar ƙarshe Super Nintendo ta sayar da miliyan 49.1 a duniya, Genesis kusan miliyan 30.75 a lissafin Sega, ko da yake a Amurka sun yi kankankan na shekaru. A watan Janairu 2001 Sega ta sanar da daina ƙera na'ura, kafin ƙarshen shekarar Sonic ya hau na'urorin Nintendo, a 2007 kuma shi da Mario suka fito a wasa ɗaya na gasar Olamfik. Masu Nintendo suka ciro tsohon layin suka goge ƙarshensa, tunda yanzu wasannin Genesis da yawa ana buga su a na'urar Nintendo. Lincoln ma bai tsira ba. A 2018 Night Trap ya fito a Nintendo Switch, aka yanko bidiyonsa na gaban sanatoci inda yake cewa hakan ba zai taɓa faruwa ba, aka yi ta yaɗa shi tare da hoton kwalin wasan mai tambarin Nintendo.